Ɗan Sudan ko ɗan gida? Ku ba ni shawara kafin in biya

Dan_Bakin_Rima:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san doki. Yayanmu aka naɗa wa sarauta a garinmu, ni kuma aka ɗora wa neman dokin da zai hau da Sallah. Dillali ya nuna min guda biyu. Ɗaya dogo ne, ja mai farin goshi, ya ce ɗan Sudan ne, shekararsa huɗu. Ɗayan akawal ne, wato baƙin doki, ɗan gida, bai kai shi tsawo ba amma a murɗe yake, kuɗinsa kuma bai kai rabin na farkon ba. Zuciyata tana kan dogon. Sai dai ana ta ce min dokin Sudan ba ya jure zafin Sakkwato, kuma ciwon ciki ke kashe su. Gaskiya ne ko faɗa ce kawai? Kuma me zan duba a jikin doki kafin in ba da kuɗi?

Baba_Shamaki:
Wa alaikumus salam ɗana. Kahin a kai ga zancen Sudan ko gida, buɗe bakin dokin. Tsaya gefenshi, kada ka tsaya gabanshi, ka sa yatsa ta gefen baki inda babu haƙori, wurin da linzami ka zama, zai buɗe da kainai. Haƙoran gaba shida na sama, shida ƙasa. Na nono ƙanana na, hware tas. Na girma sun hi hwaɗi, sun ɗan yi rawaya. Biyun tsakiya suna hwaɗuwa doki na da shekara biyu da rabi, na kusa da su shekara ukku da rabi, na gefe shekara huɗu da rabi. In yak kai biyar baki ya cika. To in da gaske shekara huɗu gare shi, za ka iske na gefen nan har yanzu na nono na. In kuwa ka iske duk na girma na, baƙin ramin da ke bisa haƙoran ƙasa ya shahe, wanga doki ya kai takwas ko ya wuce, ko mi anka hwaɗa maka.

Mai_Sukuwa_Skt:
Maganar zafi ba ta da tushe. Ƙasar Sudan ai ba ta fi mu sanyi ba. Dokin da ya taso a Darfur ya san rana kamar wanda ya taso a fadamar Rima. Waɗanda zafinmu ke wahalarwa su ne na Ajantina da 'yan folo ke shigowa da su, su ne ake ta yi wa wanka ana ajiyewa a inuwa. Ɗauki dogon, Alhaji. Mai sarauta a kan gajeren doki ba ya fitowa a cikin ayari.

Bagobiri_Sabon_Birni:
Ban yarda da kai ba, Mai_Sukuwa. Kai tsere kake tunani, shi kuma hawa zai yi sau biyu a shekara, sauran watanni dokin yana turke yana cin kuɗi. Ɗan gida zai rayu a kan harawa da kyasuwa da ɗan dusa bai rame ba. Dogon nan in aka yi masa wannan ciyarwar, wata biyu sai ka ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Kuma a kan irin waɗannan na gida ne kakanninmu suka sa lifidi suka shiga yaƙi. A Tabkin Kwatto a 1804 dawakin Gobir ba 'yan Ajantina ba ne.

Ummu_Dukushi:
Don Allah wani ya fayyace min, menene ainihin bambancin? Ni dai ina ganin doki, doki ne, sai launi.

Malam_Tarihi:
Hajiya, dawakin ƙasashenmu jini biyu ne suka gauraya. Akwai na Barbar, wanda ya gangaro daga Arewacin Afirka ta hanyoyin ayarin Sahara, ta Asbin. Wannan matsakaici ne, gajeren baya, ƙugu a zube, wutsiya a ƙasa, ga juriyar ƙishi da tafiya. Akwai kuma na Dongola, sunan wani gari ne a bakin Nilu a arewacin Sudan, wanda ya biyo ta Cadi da Barno. Shi dogo ne, ƙafafu dogaye, karan hancinsa a gantsare waje, yawanci da fari a fuska da ƙafafu. Dokin Barno da tsofaffi ke yabo daga wannan jinin yake. Na ƙasar Hausa kuwa gaurayen biyun ne, har akwai wanda masana ke kira na Sulluɓawa. Dokin Larabawa tsantsa daban yake: fuskarsa a lotse take ciki, kai ƙarami, yana ɗaga wutsiya sama in yana gudu, kuma ba kasafai ake samunsa a kasuwanninmu ba.

Abin da ake kira ɗan Sudan a yau sau da yawa yana da jinin dokin tseren Ingila, domin an daɗe ana haɗa su a can. Daga nan tsawon da gudun suke zuwa, daga nan kuma yawan cin abinci da laushin jiki suke zuwa.

Mai_Sukuwa_Skt:
Daidai ne Malam. In an haɗa ɗan Sudan da goɗiyar gida, shi muke kira talon, kuma ajinsa daban a tsere. Dan_Bakin_Rima, ka bincika da kyau, don ana sayar da talon da sunan ɗan Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, duk wanda ya ce maka sabon zuwa ne, tambaye shi ta ina ya biyo.

Likita_Nana:
Ni likitar dabbobi ce, bari in taɓa maganar ciwon ciki, don ita ce ta fi damuna a tambayar. Ciwon ciki ba ya tambayar asalin doki. Yadda Allah ya halicci cikinsa ne ya sa abin ke yi masa tsanani. Tumbin doki ƙarami ne, lita 8 zuwa 15 kawai yake ɗauka, hanjinsa kuma ya kai kusan mita 30, da lanƙwasa da wuraren da yake tsukewa. Doki ba ya iya amai. Abin da ya shiga sai ya bi ta baya, in ya tsaya ko ya yi iska babu mafita. Ba shi ma da matsarmama, domin an yi shi ne ya yini yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan.

Mu kuma me muke yi? Mu bar shi a turke tun safe, da yamma mu zuba masa kwano uku na gero lokaci guda. In Sallah ta matso sai a ninka, wai ya yi ƙiba. Hatsin da bai narke ba yana wucewa babban hanji ya yi tsami, ya kashe ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa, sai kumburi. Wani lokaci abin ya sauka a kofato, ka ga doki ya tura ƙafafun gaba ya jingina baya, ya kasa taku, kofaton da zafi. Dalilin da ya sa ake cewa 'yan Sudan sun fi mutuwa shi ne su aka fi cusa wa hatsi, kuma su ake canja wa abinci kwatsam ranar da aka sauke su daga mota.

Ƙa'idar ita ce ciyawa ce abinci, hatsi ƙari ne. Doki mai kilo 350 yana bukatar kamar kilo 6 zuwa 7 na harawa ko busasshiyar ciyawa a yini. Hatsi a raba shi sau biyu ko uku. Duk canjin abinci a yi shi a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kada a zuba masa a ƙasa, yashin garin nan yana taruwa a hanji.

Abu_Dange:
Allah ya saka, Likita. Maƙwabcinmu haka ya rasa dokinsa kili ana jibi Sallah. Da la'asar ya ƙi cin abinci, yana ta waiwayen kwiɓinsa, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba. Kafin magariba ya jiƙe da gumi, ya kwanta ya tashi, ya kwanta ya yi birgima. Aka taru, wannan ya ce a ɗura masa man gyaɗa, wancan ya ce kanwa. Wani ya ɗaga kansa sama ya ɗura masa ta hanci da kwalba, dokin ya yi ta tari. Bai kai asuba ba. Har yau in mai shi ya ga turken sai ya kau da kai.

Likita_Nana:
Allah ya mayar masa da alheri. Ina roƙon kowa, kada a ɗura wa doki komai ta hanci. Doki ta hanci kaɗai yake numfashi, man yana zarcewa huhu, kuma wannan kaɗai ya isa ya kashe shi ko da cikin ya saki. In kun ga alamun da Malam Abu ya faɗa, a ɗauke abinci, a ja shi a hankali in yana iya tafiya, a kira likita nan take. Kafin ya iso, ku sa kunne a kwiɓinsa dama da hagu. Lafiyayyen ciki yana ƙugi koyaushe. In kun ji tsit, abin ya yi nisa. Ku ɗaga leɓe ku danna dasashi da yatsa: ya kamata ya yi fari ya koma ruwan hoda kafin daƙiƙa 2. Bugun zuciya a ƙarƙashin muƙamuƙi ake ji, na mai lafiya 28 zuwa 44 ne a minti. In ya haura 60 yana tsaye, kada a jira gari ya waye. A nan cikin garin Sakkwato akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Baba_Shamaki:
Likita ɗiyata, na yarda da zancen hanci, ba mu taɓa yin haka ba gidanmu. Amma kanwa kada ki hana. Tun muna yara munka iske ana jiƙa wa doki kanwa, tana wanke mai ciki, tana sa shi sha ruwa, gashi ya yi sheƙi. Dawakin da munka riƙa sun kai shekara ashirin da ɗoriya bisa kanwa.

Likita_Nana:
Baba ban hana ba, ranka ya daɗe. 'Yar kaɗan lokaci-lokaci ga doki mai lafiya ba ta da laifi. Abin da nake ƙi shi ne a mai da ita maganin ciwon ciki, ko a zuba ta a ruwan da ba shi da wani sai shi. Kuma abin da doki ya fi zubarwa a gumi gishiri ne, don haka a ajiye masa gishirin lasa. Ruwa kuma tsabtatacce ya zauna gabansa. Yana shan lita 25 zuwa 50 a yini, a watan Afrilu da zafi ke haura 40 ya wuce haka.

Kilisa_Kullum:
To ai nan ake yin ta. An koya mana in an sauka daga doki ba a ba shi ruwa sai ya huce sarai, wasu har awa biyu suke yi.

Likita_Nana:
Awa biyu ta yi yawa ƙwarai. A kwance majayi, a zagaya da shi numfashinsa ya daidaita, a ba shi rabin bokiti, a ɗan jira a ƙara. Rashin ruwa ya fi kawo toshewar hanji fiye da shan ruwa bayan gudu.

Baba_Shamaki:
Ni dai sai gumi ya bushe nika ba nawa. Kowa ya riƙe abin da yas sani.

Dan_Illela:
Ku dawo kan tambayar bawan Allah. Ya ce me zai duba. Ni a kasuwar dabbobi na girma, ga abin da zan ce. Je ka da sassafe ba tare da ka sanar ba, kafin a motsa dokin, domin ɗingishi yana ɓuya in jiki ya yi ɗumi. Sa yaro ya ja shi a ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo, sannan ya yi sassaƙa. Kalli kansa: in yana ɗaga kai duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taka, wannan ƙafar ce ke ciwo. Shafa hannunka daga gwiwa zuwa kofato a ƙafafu huɗun, ka kwatanta dama da hagu, ka ji ko akwai kumburi ko zafi a jijiyar baya. Ɗaga kowane kofato ka kankare ƙasan. Tsokar nan mai kusurwa uku da ke tsakiya ta zama busasshiya mai tauri, in tana fitar da baƙin ruwa mai wari an bar shi yana tsayuwa cikin fitsari. Sannan ka sa a cire jalala da sirdi ka ga gadon bayan da idonka. Farin gashi a inda sirdi ke zama alamar tsohon miki ne. In dillali ya ƙi a cire, ka san dalili.

Sarkin_Zagi_02:
Ƙari a kan na Dan_Illela: duba ƙafafu da ƙirji ko akwai ƙuraje a jere kamar carbi, masu fashewa suna ruwa. Wannan cutar tana yaɗuwa a barga ta ƙudaje da kayan doki, tana da wuyar magani. Ko kyauta aka ba ka irin wannan, kada ka kai shi gida.

Ummu_Dukushi:
Na gode Malam_Tarihi. To launi fa? Mahaifinmu ba ya sayen doki mai farin ƙafa huɗu, yana cewa kofatonsa ba ya ƙarko.

Malam_Tarihi:
Maganar launi tsohuwa ce. Akawal, kili, bidi, hurde, danda, gunya, kowanne da masoyansa, kowane gidan sarauta da abin da ya fi so. Ya zo a hadisi cewa alheri yana ƙulle a makwarkwaɗar dawaki har ranar ƙiyama, an kuma yabi baƙin doki mai farin goshi. Amma ƙarfin kofato ya fi danganta da abinci da gyara da irin ƙasar da yake tsayuwa a kai.

Mai_Sukuwa_Skt:
Gyaran ne ba a yi. Kofato yana tsiro kusan santimita ɗaya a wata, dokin da ke turke ba ya goge shi. In ba a datse duk mako shida zuwa takwas ba sai ya yi tsawo ya tsage, nauyi ya koma kan jijiya. Daga gwiwa zuwa ƙasa doki ba shi da tsoka, ƙashi ne da jijiya kawai, shi ya sa raunin wurin ke daɗewa bai warke ba.

Bagobiri_Sabon_Birni:
Tunda an zo kan jijiya, samarinmu su ji. Zamiyar da ake yi a kan kwalta ranar hawa tana gama dawaki. A sako shi da gudu, a fizge linzami, ƙafafun baya su goge a titi. Linzaminmu kuma mai zobe ne, kaifi gare shi. Na sha ganin doki ya dawo daga hawa bakinsa na jini, kwana uku bai iya tauna ba.

Sarkin_Zagi_02:
Jahi, sukuwar gaisuwa ta ranar hawa, ba ya yiwuwa ba zamiya, Bagobiri. Laifin hannun mahayi ne. Dokin da aka hora da kyau, ɗan motsin yatsa ya ishe shi ya tsaya. Matsalar ita ce ana ɗora yaro a kan dokin da bai taɓa yi wa kilisa ba sai ranar Sallah.

Hajiya_Mai_Kaji:
Tambaya: ina da ragowar abincin kaji da yawa, ɗana yana so ya riƙa haɗa wa dokinsa da dusa. Akwai matsala?

Likita_Nana:
Hajiya ki hana shi yau ɗin nan. Wasu abincin kaji suna ɗauke da magani mai suna monensin, kaɗan daga cikinsa yana lalata zuciyar doki. Haka nan maganin kaska na shanu mai amitraz, kada a yi wa doki wanka da shi, yana tsayar masa da hanji. Abin da ya dace da sa ba lallai ya dace da doki ba. Kaska a cire ta da hannu a duba kunne da ƙarƙashin wutsiya da tsakanin cinyoyi, domin tana sa masa cutar jini mai kawo zazzaɓi da rawayar ido. Zafin jikin doki mai lafiya 37.5 zuwa 38.5 ne, ku ajiye ma'aunin zafi a barga.

Dan_Bakin_Rima:
Jama'a na gode ƙwarai. Na koma da safe kamar yadda Dan_Illela ya ce, na tafi da wani dattijo. Dogon bakinsa ya cika, dattijon ya ce zai yi bakwai. Ba ya ɗingishi, bayansa lafiya, amma jijiyar ƙafar gaba ta hagu ta ɗan fi ta dama kauri. Akawal ɗin kuwa shi ne yaro, biyun tsakiya kawai ya sake. Yanzu kaina ya ƙara ɗaurewa.

Mai_Sukuwa_Skt:
Shekara bakwai ai lokacin ne doki ya zama doki. A rage kuɗi saboda ƙaryar shekaru, ka ɗauka.

Dan_Illela:
Kaurin jijiyar nan fa? Ni shi ya tsaya min. Tsohon rauni ne, mai yiwuwa daga tsere aka fito da shi. Don hawan Sallah a hankali zai iya, amma kada a biya kafin likita ya taɓa ƙafar.

Baba_Shamaki:
Akawal ɗin shekara ukku gare shi ke nan. Ɗana, yayanka babban mutum na ko siriri? Sirdinmu da kayan ado nauyi gare su. Dokin da bai cika baki ba, ƙashin bayanshi bai gama ƙwari ba, in anka ɗora mai ƙato da kaya yini guda za a lotsa shi. In ni na, in sayi akawal in rene shi, bana a ari doki a hau.

Bagobiri_Sabon_Birni:
Maganar Baba ita ce tawa. Sabon mai sarauta ya hau na aro ba abin kunya ba ne, an saba.

Sarkin_Zagi_02:
A garinku ne aka saba. Sallar farko bayan naɗi, mutane na kallo.

Likita_Nana:
Kowanne kuka ɗauka, a ware shi daga sauran dabbobi mako biyu zuwa uku, a ba shi maganin tsutsar ciki gwargwadon nauyinsa, kuma a tambayi mai shi ainihin abin da yake ci a ci gaba da shi tukuna. A yi masa rigakafin tetanus, cutar da ke sandarar da jiki, domin doki na cikin dabbobin da cutar ta fi kamawa, ƙusa ɗaya a kofato ta isa. Allura biyu ce, tsakaninsu mako huɗu zuwa shida, don haka a fara da wuri. In damina ta sauka a riƙa shigar da shi rumfa kafin magariba, a yi hayaƙi, saboda ƙananan ƙwarin da ke cizo da yamma su ke ɗauko cutar nan mai kumbura kai da saman ido. Malam Dan_Bakin_Rima, turo min hoton ƙafar hagun daga gefe, yana tsaye a ƙasa mai daidai.

Kilisa_Kullum:
Likita, in an yi lalas a kan irin wannan jijiyar fa? Wani maƙeri a unguwarmu yana yi, mutane na yabawa.

Likita_Nana:
Wuta ba ta ɗinke jijiya, ƙuna kawai take ƙarawa da ƙofar tetanus. Hutun watannin da ake ba dokin bayan lalas shi ke kawo sauƙin da ake gani. In sabon rauni ne, ruwan sanyi minti 20 sau biyu a yini, a hutar da shi, a datse kofaton daidai.

Baba_Shamaki:
Wanga kam sai mun zauna, ɗiyata. Na ga dokin da anka yi wa lalas ya koma hawa shekara shida.